Gaurakin Ƙarshe na Kurmin Giyayya

A shekarar 1962 babu gada a Yamai. Mai buƙata a hayin kogi ko dai ya jira bak, jirgin fiton da ke ɗaukar motoci da shanu, ko kuma ya shiga kwalekwalen masunta ya riƙe takalmansa a hannu. Tanimu kwalekwale yake shiga. Kowace Lahadi, da an idar da sallar asuba, sai ya fito daga gidansa a unguwar Maure ya gangara bakin ruwa da jakar fata a rataye. Abu biyu ne a jakar: madubin hangen nesa, da wani littafi mai baƙin bango wanda aka ɗaura wa alƙalami da zare.

Tanimu akawu ne a biron, wato ofishin, da ke kula da dazuzzuka. Mutumin Damagaram ne, shekarunsa arba'in da ɗaya, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Aikinsa na mako buga takardu ne a keken rubutu. Na Lahadi kuwa babu wanda ya ɗora masa. Ya gaje shi ne daga wani Nasara da mutanen bakin kogi suka laƙaba wa suna Mai Madubi, wanda ya shugabanci biron kafin mulkin kai. Shekara goma Tanimu yana bin sa yana riƙe masa littafi. Da Nasaran ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa madubin da littafin, ya ce ya ci gaba. Tanimu ya ci gaba, kamar yadda yake yi da duk abin da aka fara bisa ƙa'ida.

Inda yake zuwa shi ne Kurmin Giyayya, tafiyar sa'a guda a ƙasa daga ƙauyen Kirkisoy da ke hayi in ka bi gaɓa ta inda ruwa ke gangarawa. Ba wani ƙasurgumin daji ba ne. Giyayya ce da kanya da bagaruwa suka haɗa kai, giginyu na tsaye a gefe, a tsakiya kuma akwai fadama da ke cika tun daga watan Yuli. A 1951 Mai Madubi ya sa aka sa hannu a wata takarda da ta hana sara da harbi da noma a wurin. Takardar tana da sharaɗi guda, kuma Tanimu ne ya buga shi da yatsunsa: hanin zai tsaya muddin gauraka yana sheƙa a kurmin.

A shafin farko na littafin an rubuta gauraki arba'in da shida, sheƙa tara. A 1956 sheƙa biyar. A 1960, shekarar da aka sauke wata tuta aka ɗaga wata, sheƙa biyu. Wasu an kama su an kai gidajen manya, inda ake son a gan su suna taƙama a tsakar gida. Wasu shanu ne suka tattake musu ciyawa har suka yi ƙaura. A daminar 1962 sheƙa ɗaya ta rage, da miji da mata, da ƙwai uku.

Ranar Juma'a, bakwai ga Satumba, sabon darakta ya kira shi. Mushe Haruna, kamar yadda ake kiran manyan ma'aikata a bakin Faransa, ɗan Tawa ne, bai wuce shekara talatin da biyu ba, ya yi karatun noma a waje, kuma duk biron ya shaida cewa shi ke riga kowa zuwa aiki. Taswira ce shimfiɗe a teburinsa, an danne gefenta da kofi.

"Malam Tanimu, zauna. Kai ne mai tsuntsaye, ko?"

"Ni ne mai littafin, Mushe Darakta."

"To, zo ka gani. An ce in nemo ƙasar shinkafa a hayi, ta gida ɗari. Duk inda na sa yatsa sai in tarar gonar wani ce, ko ta kakan wani. Sai nan." Ya ɗora yatsa a kan kurmin. "Nan ba na kowa ba ne. Na gauraka ne, in ji takarda. Guda nawa ne?"

"Biyu."

"Biyu." Mushe Haruna ya cire tabarau ya murza ido. "Ka ji ni da kyau. Ba zan yaga takarda mai sa hannu ba don kawai Nasara ne ya rubuta ta. Amma kuma ba zan hana gida ɗari shinkafa saboda tsuntsun da a littafi kaɗai yake ba. Ranar Alhamis zan haye in gani da idona. In akwai sheƙa, akwai tsuntsu a kanta, zan nemi wani wuri ko da zan kai Saga ina nema. In babu, kai za ka buga mini takardar soke hanin."

"Akwai, Mushe Darakta."

"Madalla. Kuma maganar nan ta biro ce. Ba na so mutanen hayi su ji su fara wasa gatari tun yanzu."

Ba sai an gaya wa Tanimu haka ba. Shekara ashirin yana buga takardu, bai taɓa fita da maganar biro ba, ko matarsa Kande ba ta san abin da ya buga jiya ba. Da wannan halin ya ga tafiyar shugabanni huɗu yana zaune a kujerarsa.

Ranar Lahadi ya haye kamar kullum. Kogi ya yi ja da ruwan damina, yana ɗauke da ciyawa da rassa. Daga Kirkisoy ya bi ta cikin gonakin gero da suka fi shi tsawo, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Tun kafin ya hango giginyu ya ji kukan gaurakin: amo mai kauri kamar ana busa ƙaho a cikin tulu, sau biyu, sa'an nan ɗayan ya amsa. Ya tsaya ya rubuta lokaci.

A bakin kurmin akwai bukka, a ƙofar bukkar akwai Bawa. Tsohon soja ne, Ba'are daga Dogondutsi, ya je yaƙin Nasara ya dawo da ɗingishi da lambobi uku. Mai Madubi ne ya ɗauke shi gadin kurmin tun ranar da aka sa hannu a takardar. Bai iya karatu ba, amma ya san kowace bishiya a wurin kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Da yake uwar Tanimu Babarbariya ce, akwai wasan taubasai tsakaninsu, kuma Bawa ba ya barin dama ta wuce.

"A'a, ɗan Barebari ya ƙetaro! Ba ka faɗa ruwa ba? Ku da ba ku san komi ba sai rairayi da kanwa."

"Ina kwana, Baba Bawa. Ruwan da kuke tsoro ku Arawa har kuka gudu kan dutse?"

"Lahiya lau. Sha hura, ka ga ka rame. Kande ta daina ba ka tuwo ne, ko takarda kake ci?"

Suka sha fura. Sa'an nan suka cire takalma suka shiga kurmin, Bawa a gaba da sanda. Ƙarƙashin giyayya duhu ne da sanyi, taɓo na kama ƙafa. Tsirya suka tashi da ihu daga kan kanya. Tanimu yana tafe yana rubutu ba tare da ya dubi takarda ba: cilakowa huɗu, zalɓe ɗaya, kirinjijiya sha bakwai, dinya biyu. Da suka iso wani suri da ke kallon fadamar sai suka hau suka zauna, ba mai magana.

Sheƙar tana can tsakiyar ruwa, tarin ciyawa ne da tsuntsayen suka tattake suka tula. Macen tana kwance a kai. Cikin madubi Tanimu yana ganin komai: baƙin jiki mai sheƙin toka, farin fiffike, kumatu fari daga sama ja-ja daga ƙasa, da tukkun nan mai ruwan zinariya da iska ke kaɗawa. Bayan kusan rabin sa'a namijin ya taho cikin ruwa, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar alkali ya ratso kasuwa. Ya iso ya sunkuyar da kai. Ita ta miƙe, ta juya ƙwan da baki, ta sauka, shi kuma ya hau ya kwanta. Tanimu ya ƙirga ƙwan a tsakanin tashinta da kwanciyarsa. Uku, suna nan.

"Sauran kwana goma sha su ƙyanƙyashe," in ji Bawa ƙasa-ƙasa. "Kumare ba shi da gaggawa." Haka ake kiran gauraka a ƙasarsu.

Sai da suka koma bukka Tanimu ya ce, "Ranar Alhamis darakta zai zo."

Bawa ya ajiye sanda. "Wane? Sabon? Namu?"

"Namu."

"Nan? Ƙohwata? Mi za ya zo yi?"

"Rangadi."

Tsohon ya dubi bukkarsa, ya dubi tsakar wurin. Akurki yana nan amma babu kaza, cuta ta kwashe su tun bazara. Turken akuya ma babu komai a jikinsa sai guntun igiya.

"Akawu, da mi zan tarbe shi?"

"Ba ya buƙatar komai. Ka share hanya, ka sa kakinka, shi ke nan."

"Kai dai ɗan lakwal ne, ɗan boko. Nasara ana tarbarshi da ƙamewa da sara hannu, ya wuce. Wanga namu ne, ɗan mutane, shina da uwa shina da uba. Babban mutum ya taka ƙohwarka karon hwarko ka sallame shi hannu sake? Ubana ko manzon sarki ya zo, bai taɓa komawa ba tare da wani abu na kuka a bayan dokinshi ba."

"Wancan zamani ne, Baba. Na ce maka ba komai."

Maganar ta zo wa Tanimu har baki. Da zai ce: kurminka da aikinka duka suna kan ƙwai ukun nan ne, kada ko inuwarka ta faɗa musu kafin Alhamis. Amma maganar biro ce, kuma me zai sa a tayar wa tsoho hankali a kan abin da zai wuce lafiya? Sheƙa tana nan, tsuntsu yana kai. Ya haɗiye, ya buɗe littafi yana gyara lissafin kirinjijiya. Bawa ya ɗauki sandarsa. Ya raka shi har bakin gonaki, abin da bai saba yi ba, yana tafe yana kallon ƙasa.

Ranar Alhamis, sha uku ga wata, suka shiga bak na farko da jif ɗin biro. Mushe Haruna ya sa takalman roba masu tsawo, ya kuma karɓi littafin yana dubawa tun daga shafin farko. Inda hanyar mota ta ƙare suka sauka suka taka. Gero yana nan, raɓa tana nan. Tanimu ya kasa kunne tun daga nesa. Ya ji kurciya, ya ji zakaran ƙeƙuwa a bakin ruwa. Bai ji ƙahon ba. Ya ce a ransa wataƙila rana ta yi.

An share ƙofar bukkar har an yayyafa ruwa. Bawa yana tsaye cikin tsohon kakinsa da jar hula, lambobi uku a ƙirji. Bai tsaya shi kaɗai ba: ya gayyato dattawa biyar daga tungayen da ke kusa, suna zaune a tabarma da manyan riguna, don a shaida cewa babban baƙo ya sauka a wurinsa. Aka gaisa da Hausa da Zabarmanci, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Mushe Haruna ya sha, ya tambayi tsohon inda ya yi yaƙi, Bawa ya lissafa masa garuruwa da sunayen da bakinsa ya lanƙwasa.

Sa'an nan Bawa ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mani haƙuri kaɗan." Ya zaga bayan bukka.

Da ya dawo, yana rungume da ɗaya a kowace hammata. An ɗaure musu ƙafafu da tsumma. Dogayen wuyansu suna lilo, tukkun ya cukurkuɗe da laka. Ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafarsa, ya ajiye su a gaban darakta.

"Ba ni da rago, ba ni da zakara. Amma abin da ya hi kowane kyau a wurin ga, shi na kawo maka. Kumare sai gidan babba. Kwana biyu ina cikin ruwa har wuya. Tarkon gashin doki na ɗana a bakin sheƙa, macen ta shiga ran Talata, namijin jiya da ya zo ruhe ƙwai. Kuma kada ka ji tsoron su gudu, na rage masu hihhike a gaɓa, na sa toka. Ba su ƙara tashi har abada."

Dattawa suka ce, "Madalla, madalla." Ɗaya ya ce rabonsa da ganin irin wannan gaisuwa tun zamanin kakansa.

Tanimu yana tsaye da jaka a rataye. Ya lura cewa a fiffiken dama aka yanke su duka biyun, kuma yankan na gwani ne, jinin ya tsaya. Ya lura namijin yana buɗe baki yana rufewa ba sauti. Abin da ya iya lura da shi ke nan.

Mushe Haruna ya daɗe yana kallon tsuntsayen. Sa'an nan, ba tare da ya juyo ba, ya yi magana da Faransanci don kada dattawan su ji.

"Ka san da wannan?"

"A'a."

"Su ne biyun?"

"Su ne."

"In an mayar da su?"

"Ba za su iya tashi ba. Dila ko karnukan tunga za su cinye su kafin Lahadi."

"Bai san abin da ke cikin takardar ba?"

"Ban gaya masa ba."

Darakta ya dubi tsohon da ke durƙushe, ya dubi dattawa biyar da ke jiran bakinsa. A Tawa aka haife shi, ya san ba a mayar da hannun kyauta, balle na tsoho a gaban tsararrakinsa. Ya miƙa hannu biyu ya taɓa tsuntsayen, ya ce da Hausa, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci." Ya aika aka ɗauko sabon bargo daga jif aka ba Bawa tukwici. Fuskar tsohon ta washe har ana ganin gurbin haƙoransa.

Duk da haka Mushe Haruna ya ce a kai shi sheƙar, tunda don ita ya zo. Su biyu suka shiga, ruwa har ƙugu. Ƙwai ɗaya a fashe yake, an lashe cikinsa, ga sawun guza a kan ciyawa. Biyun suna nan. Tanimu ya ɗora tafin hannu a kansu. Sanyinsu ɗaya da na ruwan.

"Ba haka na so ba," in ji darakta. "Na zo ne in ga tsuntsu in koma in ce a nemi wani wuri. Ka ji: na ba ka zuwa ƙarshen Oktoba. In wasu suka zo suka yi sheƙa, maganata tana nan. Ba zan sake hayowa ba, aiki ya yi mini yawa. Abin da ka rubuta, shi zan sa wa hannu."

Aka sa gaurakin a bayan jif a kan buhu. Tanimu ya ce shi zai koma a kwalekwale. Da dattawa suka watse, suka rage su biyu, Bawa yana shafa bargon yana murmushi.

"Ka gani, ɗan Barebari? Ka ce ba ya buƙatar komi. Ka ga yadda ya karɓa hannu biyu?"

Tanimu ya zauna a tabarma ya gaya masa. Ya faɗi abin da takardar ta ce, kalma bayan kalma, da taswira, da gida ɗari, da abin da ya kawo darakta, da wa'adin da ya bayar. Bai ɗaga murya ba, bai kuma rage komai ba. Kamar yana karanta rahoto.

Bawa ya daina shafa bargon. Can ya ce, "Sake hwaɗi. Muddin mi?"

"Muddin gauraka yana sheƙa."

"Ba itatuwa ba?"

"A'a."

"Shekara goma sha ɗaya ina korar masu gatari. Na hwasa ma wani kai saboda reshen kanya. Ni cewa nike itace nike gadi, tsuntsaye kuwa abin kallon Nasara ne, da kai da ka gaji haukarshi." Ya ajiye bargon a gefe. "Shekara goma sha ɗaya kana shan hurata, Akawu."

"Maganar biro ce, Baba."

"Biro." Tsohon ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta. Ya fara kwance lambobinsa ɗaya bayan ɗaya yana sawa a cikin hula. "Da ka hwaɗa mani kalma guda ran Lahadi, da tabarmar ga na naɗe na ba shi. Da kunya ta kashe ni, amma da na ba shi tabarma."

Tanimu ya rataya jakarsa ya nufi bakin ruwa.

Lahadi bakwai suka rage kafin ƙarshen Oktoba, kuma bai fasa ko ɗaya ba. Yana zuwa, su gaisa da Bawa ba wasa, ya hau suri ya zauna har rana ta take. Ya rubuta balbela, ya rubuta shamuwa suna taruwa za su tafi, ya rubuta kirinjijiya da ƴaƴanta. A layin gauraka yana jan ɗan gajeren zane. Ranar sha huɗu ga Oktoba guda biyar suka bi ta sama, can ƙololuwa, sun nufi arewa. Ya bi su da madubi har wuyansa ya ƙage. Ya rubuta: biyar, a sama, ba su sauka ba. A gida Kande ta ga tuwo yana dawowa kamar yadda ta kai shi, ta tambaya sau ɗaya, ya ce ciwon kai ne.

Ranar ashirin da takwas ga wata, Lahadi ta ƙarshe, ya tarar da Bawa yana jiransa a bakin gonaki, ƙafafunsa sun yi fari da zaman ruwa.

"Taho ka gani."

Suka hau surin. Can a gefen fadama, nesa kaɗan da tsohuwar sheƙar, akwai sabuwa. Tanimu ya ɗaga madubi. Tarin ciyawa ne, an tattake kewayensa yadda ya kamata, tsayinsa daidai, faɗinsa daidai. A tsakiya ƙwai biyu. Ya daɗe yana kallo. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ciyawar dai an yanke ta ne da wuƙa, ba tsinke ta aka yi da baki ba, kuma ƙwan sun cika sulɓi da fari.

Ya sauke madubin. "Ƙwan dinya ne, Baba."

"Kwana huɗu na yi ina gininta."

"Na gani."

"Darakta ya ce ba shi sake hayowa. Ko ya hayo, mi ya sani? Ɗan Tawa ne, bai san ƙwan kumare da na jimina ba. Duk ƙasar ga kai kaɗai ka sani."

"Ni ne mai rubutawa."

"To rubuta mana! Ɗaya. Sanda guda ce a takarda. Baɗi wasu na zuwa, ka ga biyar da idonka. Ni na ɓata, ni na gyara. Kai kuma naka gyaran ke nan."

Tanimu ya buɗe littafin a kan cinyarsa. Ya san tsohon yana da gaskiya ta wani fanni: sanda guda, kurmi ya ƙara shekara, wataƙila biyar ɗin nan su dawo. Ya juya shafukan baya. Arba'in da shida. Talatin da ɗaya. Goma sha biyu. Shafukan farko rubutun Mai Madubi, sauran nasa, kuma babu lamba ɗaya a ciki da ido bai gani ba. Saboda haka ne ma darakta ya ce abin da ya rubuta shi zai sa wa hannu. A bayan taswirar kuma akwai gida ɗari da ba su san ana wannan magana ba.

Ya rubuta kwanan wata. A layin gauraka ya rubuta: babu. A layin sheƙa ya rubuta: babu.

Bawa bai iya karatu ba, amma ya san tsawon sanda guda, ya kuma ga abin da aka rubuta ya fi haka. Ya sauka daga surin ya shiga ruwa da ɗingishinsa. Ya ɗauko ƙwan dinyar biyu ya sa a hula, ya ce zai mayar wa mai su tun ba su huce ba.

Ranar Laraba, talatin da ɗaya ga Oktoba, Tanimu ya buga takardar soke hanin, kwafi huɗu, babu kuskure ko ɗaya. Mushe Haruna ya karanta, ya dube shi, ya sa hannu.

An fara sara a watan Maris, da ruwa ya janye. Giyayya aka fara kayarwa, kanya ta ba su wuya, giginyu aka bari don a yi azara da su daga baya. Ba a kori Bawa ba. An bar shi yana gadin itacen da aka tara kafin kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe.

Hanyar Tanimu ta zuwa biro tana bi ta bayan gidan darakta a unguwar Filato. Kowace safiya, wajen ƙarfe bakwai saura, yakan ji ƙahon daga bayan katanga, sau biyu, sa'an nan ɗayan ya amsa. Ba ya tsayawa. Littafin ba na tsuntsayen gida ba ne.

Sau ɗaya ya sake hayewa, a watan Afrilu. Daga Kirkisoy ana hango bukkar, don babu abin da ya tare ta. Bawa yana zaune a kan wani gungume, bargon yana ninke a gefensa duk da zafin da ake yi. Suka gaisa. Suka zauna suna kallon masu awo suna kafa turaku a inda fadama take.

"Kana jin su?" in ji Bawa.

"Kullum."

"Suna cin abinci?"

"An ce suna ci."

"Mi ake ba su?"

"Gero, ina ji."

"Dawa suka hi so. Kuma a sa masu ruwa a abu mai hwaɗi, su tsoma ƙahwa. Ka gaya mashi."

Washegari, da ya kai takardun safe, Tanimu ya tsaya a gaban teburin darakta ya gaya masa.